Zogalen Dada

Da sunan Allah na fara, Shi ke ba da cuta, Shi ke ɗauke ta. Sunana Sale, bulo nake bugawa a Tumfure. Abin da ya sami matata Dija zan faɗa, don wanda ke da mai ciwon zuciya a gida ya ji, kuma don laifin ya sauka inda ya kamata ya sauka.

Dija 'yar Kwadon ce. Shekararmu goma sha bakwai tare, 'ya'yanmu huɗu. Ba mace ce mai kwanciya ba. Da bazarar bara ta fara haki. In ta share tsakar gida sai ta jingina da bango. Ƙafafunta suka kumbura har silifas na barin shaida a kansu. Ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai a baya. Wata rana ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Zuciyar na bugawa ba tsari, kamar dakan mai koyo.

Makon farko mun ɓata shi a kemis. Aka ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Maƙwabta kowa da tasa: wannan ta ce ciki ne, waccan ta ce iska ce, wani ya ce a sha tafarnuwa da zuma. Mako na biyu muka tafi babban asibiti. Daga sallar asuba muka shiga keke napep, kuma wanda ya san Tumfure ya san nisan. Layin kati ya cinye mana safiya, layin likita ya kai mu azahar. Aka ce sai an yi hoton zuciya, mu dawo wani mako. Akuyar Dija ta tafi a kan hoton nan.

Likitan da ya duba hoton matashi ne, idonsa jawur don gajiya. Ya ce akwai wata ƙofa a cikin zuciyarta da ta tsuke, wai tun ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba. Jini na daɗewa a ɗaki ɗaya na zuciyar, yana iya yin guda. In gudan ya ɓalle, ƙwaƙwalwa yake nufa. Ya rubuta magani kala uku: na fitar da ruwa, na daidaita bugun, da wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini. Ya ce saboda ƙwayar nan za a riƙa gwajin jini, ana neman lamba tsakanin biyu da uku. In ta yi ƙasa jinin ya yi kauri, in ta yi sama ya tsinke da yawa.

Nas ta riga ta fita da Dija awon nauyi. Ni ma na kama ƙofa, sai ya ɗago kai.

"Malam, abu ɗaya kuma. Ganye. Zogale, alayyahu, rama. Yadda ta saba ci a bar shi haka, kada a ƙara mata, kada a rage. In za a canza, ku zo ku faɗa."

Na ce to. Ban tambayi dalili ba, wani ya riga ya turo ƙofar. Ni kaɗai na ji maganar nan.

Wata biyu komai ya tafi daidai. Kumburin ya saɓe, ta koma kwanciya kamar kowa. Lambar ta zauna a biyu da rabi. Lokacin ba a yi ruwa ba, ɗanyen ganye na da tsada, abincinmu tuwon masara ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. A kan wannan cin aka auna mata ƙwayar. Ban san haka ba a lokacin.

Da ruwa ya zauna sai Dada ta zo. Dada ita ce mahaifiyar Dija, haka yara ke kiranta, haka kowa ke kiranta. Tsohuwar Bafulatana ce siririya, tana da 'yar fadamarta a Kwadon. Ta ji labarin ciwon, ta ce ba za ta zauna ana aiko mata da labari ba.

Dole in faɗi yadda muke da ita, don wanda ba ɗan gidanmu ba ya gane. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskar Dada ba. Ban taɓa cin abinci inda take gani ba. In zan gaishe ta, daga bayan katanga nake durƙusawa, sannu, lafiya, madalla, shi ke nan. In na hango ta a hanya sai in sake hanya. Haka na ga ubana ya yi da tasa surukar. Ni ba ni da karatu, ba ni da dukiya. Abu ɗaya ake yabona da shi a Kwadon, cewa mijin Dija mai kunya ne. Dada da kanta take faɗa wa mutane.

Da buhu biyu ta sauka, zogale da rama. Da ta ji akwai ƙwaya mai tsinka jini, ta tambayi Dija wane irin magani ne zai mai da jinin mutum ruwa. Ba ta hana sha ba, tana girmama asibiti. Amma ta yanke cewa abin da ƙwayar ke ragewa, ita za ta mayar. Da safe kwaɗon zogale da ƙuli. Da rana miyar alayyahu. Da yamma rama. Ruwan dafaffen zogale kuma yana nan a fulas kamar shayi. Duk ranar kasuwar Kwadon ana aiko mata da sabon buhu a mota.

Ni kuwa na koma cin abinci a wurin aiki, ina shiga gida in ta shiga ɗaki. Wata safiya na ga karan zogale tsibi a bakin bola, awakin unguwa sun taru a kai. Maganar likita ta faɗo mini.

Na jira Dada ta shiga maƙwabta barka, na gaya wa Dija. Ta yi dariya ta ce in je in gaya wa mai dafawa. Ta ce ita dai ƙarfi take ji, ganye ne ba guba ba. Tsohuwa ta tsinko shi da hannunta, in ta ce ba ta ci, uwarta za ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka a ɓoye. Ba ta ji maganar daga bakin likita ba, daga nawa ta ji, kuma ni ma ban faɗe ta da ƙarfi ba.

Na gaya wa Bulus, abokin aikina, Batangale mutumin Ɓilliri, shekara tara muna kwaɓi tare. Ya jingina da shebur ya dube ni.

"Kai da ke ɗaga buhun siminti biyu, tsohuwar da iska ke iya ɗauka ta kore ka daga gidanka. Mu ma muna jin kunyar surukai, amma ba irin taku ta Fulani ba. Je ka faɗa mata, in ta cinye ka ni zan riƙe baronka."

Na ce masa ba zai gane ba. Ya ce gaskiya ne, ba zai gane ba.

Sau uku na zo bakin katanga da maganar a bakina. Sau uku gaisuwa ce kaɗai ta fita. Ta ce ya aiki, na ce da godiya, na tashi. Ranar gwaji kuma ta zo daidai da wani aiki da muka karɓa, ruwa ya lalata mana bulo na kwana biyu, muna ramawa. Na ɗaga gwajin mako ɗaya. Ya zama biyu.

Ranar wata Talata da hantsi matar maƙwabcina ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu. Dija na tsintar shinkafa, faranti ya zame daga hannunta. Da na iso bakinta ya karkace, maganarta kamar mai tuwo a baki. Hannun hagu na lilo, ƙafar hagu na ja. Muka sa ta a keke, Dada ta rungume kanta a baya. Ni na zauna gaba kusa da direba. Daga Tumfure har asibiti ban waiwaya ba. Ko a ranar, kunyar tana nan.

Aka ce a yi hoton kai. Babur ɗina ya tafi a kan wannan da kuɗin gado. Hoton ya nuna guda ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Lambar kuwa ɗaya ce da ɗan abin da ba a rasa ba. Likitan da ke aiki ranar, wani ne daban, ya tambaya ko tana tsallake ƙwayar. Na ce ko sau ɗaya. Ya ce to ba ta isa ba ke nan, in kan ya lafa za a mayar da ita a ƙara. Bai tambayi abinci ba. Ni ma ban faɗa ba. Dada na tsaye a bayan labule.

Kwana goma sha shida muka yi a ɗakin mata. Namiji ba ya shiga sai lokacin dubiya. Zan faɗi gaskiya a kan tsohuwar nan: abin da ta yi ba wanda zai iya. A kan tabarma take kwana a gindin gado. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. Tana murza mata hannun da man shanu tana mata magana da Fulatanci kamar jaririya. Nas-nas suna ce mata Mama, suna nuna ta ga sauran masu jinya. Kuma kullum akwai kula da zogale a ciki, ta dake shi lukui don haɗiya na yi wa Dija wuya. Ta ninka shi ma, tunda a ganinta 'yarta ta ƙara rauni. Su kuma likitoci suna ta ƙara ƙwaya, lambar na ƙin tashi. Sau biyu aka ƙara kafin ta kai biyu. Aka sallame mu da wannan awon.

Da muka koma gida na kasa barin abin a cikina. Na tafi Pantami wurin Adda Mairo, yayar Dija, mai sayar da atamfa. Ita ina iya magana da ita, ko da kaina a ƙasa. Na faɗa mata abin da likitan farko ya ce, duka, kada a ƙara kada a rage. Ta ajiye almakashi ta ce, Malam Sale, sai yanzu? Na ce sai yanzu. Ta ce in bar mata, gobe za ta je.

Ta je. Daga baya na ji abin da ya isa kunnen Dada: wai Sale ya ce likita ya ce ganyenki ne ya kashe mata hannu. Ba na cewa Adda ta yi ƙarya da gangan. Rabin da ya tsorata ta ta riƙe, ɗayan rabin ya faɗi a hanya tsakanin Pantami da Tumfure.

Dada ta ja buhun ta zazzage wa awaki. Ta zubar da fulas. Har gwangwanin kuka ta fitar daga gidan. Daga ranar farar shinkafa, kunu, dankali, kifi in an samu. Ko albasa mai lawashi ba ta bari ta shiga tukunya. Ta daina amsa gaisuwata da baki, sai gyaran murya.

Ni kuwa daɗi na ji. Na ce magana ta ƙare ban buɗe baki ba. Ni da aka gaya wa kada a rage, na ga an rage har ƙasa, na yi shiru, don wannan karon shirun ya yi mini daidai.

Bayan kwana goma dasashin Dija ya fara jini in ta yi asuwaki. Sai tabo baƙi-baƙi a damtsenta da cinyarta, duk inda Dada ta riƙe don ɗaga ta. Wata mai dubiya ta gani, magana ta zaga unguwa, wasu na cewa dukanta nake, wasu na cewa mayu. Gwaji ranar Alhamis ne. Na ce a bari Alhamis ɗin ta zo.

Laraba da safe fitsarinta ya fito kamar zoɓo. Hanci ya ɓalle da jini, aka toshe da tsumma, ya jiƙe, aka sake, ya jiƙe. Ina ɗaura takalmi a zaure na ji tafiyar Dada ta tsaya a bayan katanga. Ba ta kira sunana ba. Da bango ta yi magana.

"A nemo keke."

A asibiti aka ce lambar ta wuce inda ake so nesa ba kusa ba. Aka yi mata allura, aka ce ana neman jini leda biyu. Na ba da ɗaya. Bulus ya bar aiki ya zo da siminti a gashin kansa ya ba da ɗaya. Da ya fito yana riƙe da auduga ya ce yanzu Dija ta zama rabin Batangala, in shirya dafa mata abincinsu. Ban iya dariya ba, amma ban manta ba.

Washegari aka kai ni gaban babbar likita, Dokta Rifkatu, mace mai furfura, ba ta da saurin magana. Ta daɗe tana juya fayil. Sannan ta yi tambayar da ba wanda ya yi tun farkon ciwon. Me take ci? Makon nan, watan jiya, da wanda ya wuce. Na faɗa mata duka, tun daga kuka har buhunan Kwadon har farar shinkafa. Ta ajiye biro.

Ta ce a cikin hanta akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, sunansu enzayim. Kalmar nan ta zauna mini. Aikin wasu daga cikinsu shi ne haɗa abin da ke sa jini ya daskare in mutum ya yanke. Kayan aikinsu kuwa wani sinadari ne da ke cikin koren ganye. Ita ƙwayar, hannun ma'aikatan take riƙewa don kada su yi aiki da yawa. In ganye ya yi yawa, kayan aiki sun yi yawa, sai su fi ƙarfin ƙwayar, jini ya yi guda. In aka ƙara ƙwaya sannan aka janye ganyen gaba ɗaya, an riƙe hannu kuma ba kayan aiki, jini ya ƙi tsayawa.

Na ce kamar kwaɓi ke nan. In an auna siminti a kan baro kaza na yashi, wani ya zo ya ƙara yashi ko ya kwashe bai faɗa ba, bulon ba zai yi ba.

Ta ce haka ne, kuma sau biyu aka yi wa matata haka. Ta ce allurar da aka yi mata jiya ta tsayar da jinin, abin da ke cikin zogalen ne aka zuba a kwalba. Ganye ba abokin gaba ba ne. Canzawar ce.

Sai ta tambayi wa ke dafawa. Na ce surukata. Ta ce a kira ta. Aka aiki Adda Mairo, ta dawo ta ce Dada ta ce ba za ta shiga ofis a gaya mata ta kashe 'yarta ba. Tana gindin darbejiya a bayan ɗakin mata, ta ɗaure ƙunshinta. Da zarar Dija ta tashi zaune, Kwadon za ta koma, tunda hannunta cuta ne.

In Dada ta tafi, ba mai jinya. Adda na da shago da nata yaran. Ni in ban kwaɓa ba ba a ci. In kuma ta zauna da tsoron ganye, za mu sake dawowa nan.

Na roƙi Dokta ta je da kanta. Ta nuna mini layin da ke waje.

"Malam Sale, ba ni aka ce na zarge ta ba. Kai aka ce. Bakin da aka jingina wa maganar shi zai warware ta. Jiya jinin ta hanci ya fito, kun samu lokacin kawo ta. In a cikin kai ya zuba, babu keken da zai iso da ita. Je ka kawo mini tsohuwar."

Bayan la'asar na zaga bayan ɗakin. Mata masu jinya sun baza tabarmi, wasu na wanke kwanuka. Dada na zaune ita kaɗai, ƙunshi a gefe. Na cire takalmi. Ban durƙusa daga nesa ba. Na zauna a bakin tabarmarta, fuskata na kallonta. Ta ja mayafi ta juya kai.

"Dada, yau zan yi rashin kunya."

"Tashi. Mutane na kallo."

"Su kalla."

Na faɗa mata. Na ce ban ce ganyenta ya kashe hannu ba, likita ma bai ce ba. Na yi mata bayanin ma'aikatan hanta yadda na iya, da Hausa, inda ta ƙi da guntun Fulatancina. Na ce zogalenta abinci ne mai kyau, allurar da ta ceci Dija jiya ma daga irinsa take. Abin da ake so shi ne awo ɗaya kullum, kada ya hau kada ya sauka, don a auna ƙwayar a kansa. Na ce ba ta san wannan ba, ba yadda za a yi ta sani. Ni aka gaya wa.

Sai ta juyo ta dube ni. Ranar na fara ganin cewa idonta na dama yana da yana. Shekara goma sha bakwai ban sani ba.

"Tun yaushe aka gaya maka?"

"Tun kafin ki zo."

"Ina tsinka, ina dafawa, ina ba ta a baki da hannuna. Kana wucewa kana ce mini sannu."

"Haka ne."

"Da na zubar ma kana gani."

"Ina gani."

Ta goge bakinta da gefen mayafi. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ni na riƙa yawo da sunanka a Kwadon. Da ranar da na sauke buhun nan ka tsaya a kaina ka yi mini tsawa, da na yi fushin wata ɗaya, da 'yata na da hannu biyu."

Ban tashi daga tabarmar ba. Matan da ke wanke kwanuka sun daina.

Can ta kwance ƙunshin. Ta laluba ta fito da ludayin duma, wanda take zuba miya da shi tun Kwadon. Ta miƙe ta ce in wuce gaba in nuna mata ofishin.

Dokta ta tashi tsaye ta gaishe ta, ta ba ta kujera. Dada ta ƙi kujerar, ta ɗora ludayin a kan tebur ta tambayi nawa. Dokta ta ce ita za ta zaɓa, abin da ta san za ta iya samu kullum, damina da rani. Dada ta ce ludayi ɗaya na dafaffe da rana. In rani ya yi tana da wanda ta shanya a inuwa. Dokta ta ce ranar da za a koma busasshe a zo a yi gwaji, haka in za a yi azumi, ko Dija ta yi zawo, ko wani ya kawo jiƙo ko maganin kemis. Ta sa na maimaita a gaban Dada, ta sa Dada ta maimaita a gabana. Aka rage ƙwayar, aka ce gwaji duk mako har lambar ta zauna. Mako biyar ta ɗauka.

Yanzu wata takwas ke nan. Ina gode wa Dokta Rifkatu da ta yi tambaya. Ina gode wa nas-nas na ɗakin mata, da Bulus, da likitan farko ma, don ya faɗi gaskiya ko da a bakin ƙofa ne. Amma ina da ƙorafi. Maganar da rai ke rataye a kanta ba a faɗarta mutum na riƙe da ƙofa. Kuma a asibiti da miji ake magana, shi ke riƙe da kati, alhali bai san abin da ke cikin tukunya ba. Likitoci biyar suka ga Dija kafin a samu wadda ta tambayi wa ke dafawa.

Wanda ke da mai shan ƙwayar tsinka jini, kada ya ji labarina ya hana ganye, kada kuma ya ƙara. Ya tafi da mai girki gaban likita. Kada ya ɗaga ranar gwaji don aiki. Kada ya aika saƙon likita ta bakin wani. In maganar ta zama dole a faɗa wa wanda ake jin nauyi, a faɗa.

Dada ba ta koma Kwadon ba, ƙaninta ke noma fadamar. Ba ta ce ta yafe mini ba, ban tambaya ba. Adda Mairo ta ce a can yanzu cewa ake mijin Dija ya zauna tabarma ɗaya da surukarsa a gaban jama'a, ya zubar da mutunci. Ba a yabona kuma.

Dija na tafiya da sanda. Maganarta ta dawo, sai in ta gaji take nauyi. Lambar na zaune. Hannun bai dawo ba, kuma masu gashin ƙashi na asibiti sun ce kada mu sa rai sosai. Mace ba ta ɗaura zani da hannu ɗaya, Dada kuma ba ta da ƙarfin riƙe ta tsaye ta ɗaura mata a lokaci guda. Don haka kafin in fita aiki ni nake riƙe Dija a tsakar gida, ƙirjinta a jikin nawa, uwarta na zagayawa da zanin. In na riƙe ba daidai ba, Dada takan ce, ɗaga ta sosai, Sale. Sai in ɗaga.